Kibiya a Gonar Masara

Laraba, 21 ga Agusta, ƙarfe 6:40 na safe

Jiya aka yi sadakar bakwai. Yau gidan ya koma shiru, saura ni da Gwaggo Yelwa, ƙanwar mahaifin mijina, wadda ta ce za ta zauna da ni har in fita takaba.

Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin labarai a Kano kafin in biyo Malam zuwa Karaye. Abin da na iya ke nan, don haka bari in rubuta labarin rasuwarsa yadda zan rubuta na wani.

Malam Nuruddeen Sabi'u, malamin fiziks mai shekara arba'in da shida, ya rasu ranar Talata 13 ga wata bayan La'asar, a hanyar Karaye zuwa Rogo, daidai inda burjin ƙauyukan Beli ya faɗo wa kwalta. Wata a-kori-kura ɗauke da ɗanyar masara ce ta fito daga burjin ta bugi babur ɗinsa ta gefe. Direban, mai suna Sulle, bai gudu ba. Marigayin ya bar mata ɗaya, bai bar ɗa ba.

Da wani ɗan rahoto ne ya kawo mini wannan, da na mayar masa. Ya faɗi wa, ya faɗi ina, ya faɗi yaushe, bai faɗi inda mamacin ya nufa ba.

Kowa cewa yake Rogo za shi, domin Talata da Alhamis yana koyar da 'yan aji shida darasin hutu a Rogo Sabon Gari. Gaskiya ne can ya nufa da ya fita. Amma da ƙarfe 4:12 na kira shi, muka yi sakan arba'in da takwas a waya, na ce ya juyo gida. Ya ce, "Na ji," ya kashe.

Ban san ko ya juyo ba. Idan bai juyo ba, ajali ya same shi a hanyar aikinsa. Idan ya juyo, ni na mayar da shi mararrabar nan.

Laraba, ƙarfe 4:20 na yamma

Ƙarfe 4:12 ya zo ya wuce.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan Azahar

Gwaggo ta kafa mini dokoki. Ba turare, ba kwalli, ba fita. Waɗannan na san su, suna cikin littafi. Sauran nata ne: kada in ɗaga murya, kada in taka ƙasa ba takalmi, kuma in riƙa riƙe 'yar wuƙa ko banɗaki zan shiga. Na ce mata ban ga wuƙa a ko ɗaya daga littattafan da na karanta ba. Ta ce ita takaba biyu ta yi, ni kuwa karatu kawai na yi. Na karɓi wuƙar. Da ita nake fiƙe fensir.

Yaya Abdulsalami, wan Malam, ya biyo daga ofishin Hakimi inda yake aiki. Muka gaisa ta bayan labulen zaure. Ya gaya mini abin da ba a gaya mini ba cikin hayaniyar makoki: tun kafin a kai Malam makwanci dangi suka ce sun yafe, ƙaddara ce, aka je aka sa hannu 'yan sanda suka saki direban. Ba a auna komai a wurin ba. Mutanen da suka fara zuwa sun ɗauke babur ɗin, sun share gilasai, sun zuba ƙasa a inda ya kamata a zuba. Duk don kyautatawa.

Na tambaye shi a wane ɓangare na mararrabar aka tsinci babur ɗin. Ya ce ta wajen Rogo mana. Ya amsa tun ban rufe baki ba. Na yi hira da jami'an gwamnati da yawa, na san amsar da aka taho da ita daga gida.

Na nemi wayar Malam. Ya ce ta farfashe.

Asabar, 24 ga Agusta, ƙarfe 10 na safe

Na buɗe jakar littafin. Shekara biyu muna aikinsa: fiziks a Hausa don 'yan aji huɗu na sakandare, shi ya rubuta, ni in gyara. Yakan ce jan birona ya fi na duk malaman da suka koyar da shi mugunta. Mun gama babi huɗu.

Farkon babi na huɗu, da hannunsa: "Akwai abin da lamba kaɗai ta ishe shi, kamar buhu nawa aka samu a gona. Akwai kuma wanda lamba ba ta isar sa sai an haɗa da alƙibla. Idan makiyayi ya ce maka saniyarsa ta yi kilomita biyu daga ruga, ba ka san inda za ka neme ta ba sai ya nuna maka da sanda. Irin wannan ake kira bekta, kuma da kibiya ake zana shi. Tsawon kibiyar shi ne girman abin, tsininta kuma inda ya nufa."

A gefe na rubuta masa da ja: "Saniyar ta yi yawa a littafin nan." A ƙasa ya rubuta da fensir: "'Yar Kano."

Na rufe jakar.

Lahadi, 25 ga Agusta, Magariba

Gwaggo ta yi miyar kuka. Na ci loma huɗu, tana ƙirgawa.

Litinin, 26 ga Agusta, ƙarfe 11 na safe

Babi na biyar shafi ɗaya da rabi ne kawai. "Momentom shi ne nauyin abu sau gudunsa, kuma bekta ne, yana fuskantar inda abin ya fuskanta. Idan abu biyu suka yi karo, jimillar momentom ɗinsu kafin karon ita ce jimillarsa bayan karon. Ba ya ɓacewa. Hannu yake sauyawa, kuma"

Nan ya tsaya. Ina jin lokacin na kira shi cin abinci.

Na karanta sau uku, sai na ɗauki takarda na zana titi, na zana burji ya sare shi. Motar daga burji ta fito, don haka turin da ta yi masa na gicciye ne. Shi kuwa abin da yake ɗauke da shi na tsawon titi ne, ko wajen Rogo ko wajen Karaye, kuma bugun gefe ba zai shafe wannan duka ba. Idan aka ɗora kibiyar motar a kan tasa, kai da gindi, yadda ya koyar a babi na huɗu, babur ɗin ba zai faɗi saitin gaban motar ba. A karkace zai tafi, kuma karkatar za ta bi inda Malam ya nufa.

Babur kilo ɗari da goma. Malam kilo sittin da takwas, yana cikin katin asibitinsa na watan Yuni. Ba ya wuce kilomita hamsin a awa, ɗalibansa har tsokanar sa suke yi cewa jaki ya taɓa wuce shi a hanyar Kwanyawa. Wato mita goma sha huɗu a sakan. Ɗari da saba'in da takwas sau goma sha huɗu: dubu biyu da ɗari huɗu da casa'in da biyu.

Tsawon kibiyar ke nan. Tsinin ne ba ni da shi.

Talata, 27 ga Agusta, ƙarfe 5 na yamma

Sati biyu.

Na gwada ta agogo. Ya fita uku da rabi. Da bai tsaya ba, da ya wuce mararrabar tun kafin in kira. Amma yakan tsaya La'asar a hanya, wani lokaci kafin mararrabar, wani lokaci bayanta, ya danganta da inda kiran salla ya same shi. Kuma babu wanda ya duba agogo da abin ya faru. "Bayan La'asar" a ƙasar nan ya kai awa biyu.

Agogo bai raba gardama ba.

Alhamis, 29 ga Agusta, bayan La'asar

Na yi abin da bai kamata ba.

Yaya Abdulsalami ne ya yi wa Malam wanka. Motar ta gefe ɗaya ta fito, don haka idan haƙarƙarin hagu ne, alƙibla ɗaya ce, idan na dama ne, ɗayar ce. Yau da ya zo na tambaye shi.

Ya ce, "Sadiya, wanda ya wanke mamaci ba ya faɗin abin da ya gani. Kin fi ni sani."

Na fi shi sani. Amana ce tsakanin mai wanka da wanda ba zai iya rufe kansa ba, kuma da wata ce ta yi wannan tambayar da na ga rashin ta ido. Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, baƙin ciki ne. Na tambayi babur ɗin. Ya ce tun ranar uku ya ba wani bakanike a Rogo sadaka, don kada in gan shi a gidan nan, kuma an riga an kwance shi an rarraba.

Kowa yana ta ɓoye mini wuƙa, ga Gwaggo ta ba ni ɗaya a hannu.

Juma'a, 30 ga Agusta, bayan Asuba

Na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Na maƙwabta ne.

Lahadi, 1 ga Satumba, ƙarfe 1 na rana

Malama Bahijja ta zo. Lissafi take koyarwa a makarantarsu, 'yar Rogo ce, kullum tana bin hanyar. Ita kaɗai ce ba ta sassauta murya idan tana magana da ni, kuma har yau Edita take ce mini. Ta ce na rame kamar maki a jarrabawar 'yan ajinta. Gwaggo ta harare ta.

Cikin hira ta ce duk lokacin da motarsu ta zo wurin sai ta kau da kai, saboda gonar masarar da ke tsallaken titi. Babur ɗin ya keta cikinta, kuma har yanzu karan da ya kwantar suna kwance, layi guda kamar an ja da rula.

Na ce ta maimaita.

An ɗauke babur, an share titi, an zuba ƙasa. Ba wanda ya tuna ya tayar da karan masara.

Na ɗauko zanena na nuna mata. Ta gane kafin in gama, aikinta ne. Na roƙe ta ta je da tef ɗin awo na ɗakin gwaji, ta tsaya a bakin burjin, ta auna mini mita nawa layin ya shiga gona, mita nawa ya karkata, kuma wajen ina. Ta tambayi dalili. Na gaya mata na kira shi, ban gaya mata abin da na ce ba.

Ta ce, "Edita, in na kawo miki amsar, me za ki yi da ita?"

Na ce ban taɓa sanin abin da zan yi da labari ba kafin in same shi. Ta ce wannan ba labari ba ne, mijina ne. Ta ce za ta yi tunani. Ta kuma ce masarar ta nuna, bai fi kwana goma a karya ta ba.

Talata, 3 ga Satumba, ƙarfe 9 na safe

Sati uku.

Matar Sulle, Talatu, ta aiko da gaisuwa da ƙwan zabi a ƙwarya. 'Yar aiken ta gaya wa Gwaggo cewa tun kwana huɗu bayan abin Sulle ya ɗauki azumin kaffara, wata biyu a jere, wanda ke kan duk wanda rai ya salwanta a hannunsa bisa kuskure. Idan ya sha ko rana ɗaya ba uzuri, sai ya koma farko. Kuma bai daina lodin masara ba, da azumin yake yi.

Gwaggo ta ce Allah sarki. Ni abin da na ji ba tausayi ba ne, kuma tunda littafin nan nawa ne zan faɗa: hassada na ji. An gaya masa laifinsa, an gaya masa adadinsa, an gaya masa ranar da zai ƙare.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan Azahar

Ruwa da iska tun safe. Na zauna a bakin taga ina kallon dawar bayan gida tana sunkuyawa tana tashi. Idan iskar nan ta kwantar da gonar can gaba ɗaya, shi ke nan.

Bahijja ba ta kira ba. Ban kira ta ba.

Juma'a, 6 ga Satumba, ƙarfe 4:12

Sakan arba'in da takwas. Na ƙirga da agogo. Yana da tsawo.

Asabar, 7 ga Satumba, ƙarfe 8 na safe

Na soki 'yan rahoto da yawa kan ɓoye sakin layin da ya fi muhimmanci a ƙasan labari. Ga nawa, a shafi na goma sha tara.

Tsohon editana ya nemi in koma Kano in riƙe sashen Hausa. Malam ya ce in bari mu gama littafin, babi uku suka rage. Na ce shekara shida ina jiran wani abu ya ƙare a garin nan. Ranar Talatar nan muka sake yin gardamar, yana ɗaure jakar darasi a bayan babur. Bai tsaya mun ƙarasa ba, ya ce yara na jira. Kalmar yara ce ta ƙona ni, shi kuwa 'yan ajinsa kawai yake nufi.

Da na kira, abin da na ce shi ne: idan ya shiga Rogo yau, zai dawo bai same ni ba.

Ko akwati ban sauko da shi ba. Ina magana ina tsince shinkafar da zan dafa masa.

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe 2 na rana

Bahijja ta zo da laka har gwiwa. Ta je jiya. Mai gonar ya ɗauka ma'aikaciyar gwamnati ce za a faɗaɗa titi, sai da ta ce abokiyar aikin marigayin ce sannan ya riƙe mata bakin tef. Ya ce ya bar layin yadda yake saboda ba ya son takawa.

Ta ajiye mini takarda, ta nuna mini hotuna uku a waya. Daga inda layin ya fara zuwa inda ya ƙare, mita tara cikin gona, mita goma sha ɗaya a tsawon titi.

Wajen Karaye.

Na zana kibiyar a kan takardata.

Bahijja ta karɓe fensirin. Ta ce kada in yi saurin buga kanun labari. Lissafina ya ɗauka motar ta tsallako titi a miƙe. Idan direban Karaye za shi, ko Kano, to ya riga ya karya kan motar wajen Karaye, kuma shi kansa zai iya jefa babur ɗin haka ko da Malam Rogo ya nufa. Sai an san inda motar ta fuskanta. Ta ce da Malam ne ke duba takardata da ya ba ni rabin maki.

Tana da gaskiya. Majiya ɗaya ce, kuma ban taɓa buga labari da majiya ɗaya ba.

Da za ta tafi ta ce ta yi nadamar zuwa. Na ce na gode.

Talata, 10 ga Satumba, Magariba

Sati huɗu. Tara da goma sha ɗaya. Tara da goma sha ɗaya.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan La'asar

Na miƙa wa Yaya Abdulsalami takardar ta ƙasan labule. Na ji yana jujjuya ta. Ya ce shi Larabci da tarihi ya karanta. Na ce ba sai ya iya fiziks ba, ya gaya mini kawai ko ya ga babur ɗin a inda ya faɗi.

Ya ce bai gani ba. Kafin ya isa an jingine shi a bakin titi. Wayar kuma ba ta farfashe ba, tana cikin durowarsa. Ya buɗe ta a asibiti don ya sanar da mutane, ya ga sunana a sama da lokacin kiran. Bai san me muka ce ba, bai kuma so ya sani ba. Amma ya san ƙaninsa, ya san ni, ya ce a ransa Rogo ce amsar da mace za ta iya rayuwa da ita. Ya gaya wa kowa haka, har da Sulle.

Na ce ina son magana da Sulle. Ya ce bawan Allah nan ya sha wahala ya isa. Na ce tambaya biyu ce. Ya ce ranar sadakar arba'in dama zai zo, in na ga har lokacin ina so.

Kafin ya tashi ya ce, "Ƙanina ne fa, Sadiya. Ni ma ban tambaya ba."

Tun ranar farko na ɗauke shi kamar kakakin ma'aikata, na manta shi ya goya Malam zuwa makarantar allo.

Asabar, 14 ga Satumba, ƙarfe 12 na rana

Saƙon Bahijja: an karya masarar, an sare karan.

Talata, 17 ga Satumba, ƙarfe 10 na safe

Na duba littattafan fiƙihun da ke gidan, na kuma aika wa Liman tambaya ta hannun Gwaggo ba tare da suna ba. Amsa ɗaya ce. Wanda ya kira mutum ya taho, wani ya buge shi a hanya, babu kaffara a kansa. Gwaggo ta dawo ta faɗi amsar tana kallon bango, ba ta tambayi wace ce mai tambayar ba.

Akwai abin da nake kewayewa tun farkon littafin nan. Na rubuta cewa ina tsoron a ce ya juyo. Haka ne. Amma ranar da Bahijja ta ce mai yiwuwa motar ce ta karkatar da shi, mai yiwuwa Rogo ya nufa, ban ji sauƙi ba. Domin in Rogo ya nufa, to ya ji matarsa ta ce za ta tafi, ya mayar da waya aljihu, ya ci gaba da tafiya.

Ɗaya ta wanke ni, ɗaya ta ba ni shi. Ban san wadda nake roƙo ba idan na ɗaga hannu.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan Asuba

Ban rubuta komai ba jiya. Ban yi komai ba jiya.

Lahadi, 22 ga Satumba, ƙarfe 5:30 na yamma

An yi sadakar arba'in. Bayan mutane sun ragu Yaya Abdulsalami ya shigo da Sulle zaure. Ni da Gwaggo muna bayan labule. Ƙafafunsa kawai nake gani, silifa ɗaya an ɗinke ta da waya.

Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi wa Malam addu'a, ya nemi gafarata. Muryarsa a bushe take, yau kwana talatin da bakwai yana azumi. Na ce na yafe, kuma da na faɗa na ji gaskiya ne. Na tambayi Talatu da yara, na yi godiyar ƙwai. Sannan na ce ina da tambaya biyu.

Na ce, "Malam Sulle, ina za ka kai masarar ranar?"

Ya ce Rogo, wani dillali ke jiran sa. Ya ce har ya fara karya kan motar hagu, wajen Rogon.

Wato duk abin da motar ta ƙara wa karkatar, wajen Rogo ta ƙara. Na riga na sani ke nan. Amma na ce biyu.

"Ta ina ya fito maka?"

Yaya Abdulsalami ya yi gyaran murya. Ƙafafun suka matsa, suka dawo. Na ji Sulle ya juya wajensa ya ce, a hankali, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Da azumi a bakina. Kwana talatin da bakwai ban sa masa ƙarya ba."

Sannan ya ce ta hagu ya fito masa, daga wajen Rogo, ya nufo Karaye. Masara ta yi tsawo a bakin burjin, ba a ganin titi sai an leƙa, shi kuma bai tsaya ya leƙa ba saboda lodin ya yi nauyi kuma ba ya son motar ta mutu masa a hawan kwalta. Ya ce Malam ba gudu yake ba. Ya ce wannan kullum yana faɗa wa kansa, bawan Allah nan ba gudu yake ba.

Na ce masa ni na kira Malam na ce ya juyo. Na faɗa a gaban Yaya, a gaban Gwaggo. Na ce da ban kira ba, da lokacin da motarsa ta hau kwalta Malam yana gaban allo a Rogo. Na ce in da hali ya bar mini kwanakin da suka rage, ni in ƙarasa.

Sulle ya ce:

"Hajiya, ko wa ya kira shi, a kan hannunsa yake tafe. Ni ne ban tsaya ba. Azumin nan nawa ne, ki bar mini abina."

Yaya ya raka shi. Gwaggo ta bi su da ƙullin dabino ta ce ya kai gida, Magariba ta kusa.

Litinin, 23 ga Satumba, ƙarfe 7 na safe

Bayan salla Gwaggo ta zauna a bakin gadona ta ce in gaya mata abin da na ce masa a wayar. Na gaya mata kalma da kalma. Na jira faɗa.

Ta ce, "Kuma ya juyo."

Na ce ya juyo.

Ta daɗe tana murza carbi. Sannan ta ce ita aure uku ta yi, ta yi yaji ya fi a ƙirga, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa juyowa dominta ko daga zaure. Ta faɗa ba dariya, ba kuma don ta lallashe ni ba. Ta tashi ta je hura wuta.

Daga mararrabar zuwa ƙofar gidan nan kilomita goma sha huɗu ne. A gudun Malam, minti goma sha bakwai. Shinkafar ma da ba ta nuna ba.